Hoto Ba Shi da "Wai": Dabarar Ba da Labari a Fim ɗin Rashomon

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a gaban alƙali ganau yana gaba da jiyau. Mai nazarin harshe ya san wannan bambanci bai tsaya ga karin magana ba, yana nan cikin ginin jimla kanta. Duk mai magana da Hausa yana riƙe da ƴan kalmomi ƙanana, irin su "wai" da "an ce" da "in ji", waɗanda yake sanyawa don ya nuna cewa zancen da ke bakinsa ba nasa ba ne, ɗauko shi ya yi. A cikin wannan nazari muna so mu duba abin da kan faru idan aka ba da labari da kayan aikin da ba shi da irin waɗannan kalmomi, watau hoton sinima. Mun zaɓi fim guda, Rashomon, wanda Akira Kurosawa ya shirya a ƙasar Japan a 1950, domin a ganinmu a kan wannan rashi aka gina shi tun daga farko har ƙarshe.

Fim ne na baƙi da fari, tsawonsa minti 88. Kurosawa da Shinobu Hashimoto suka tsara shi daga gajerun labarai biyu na Ryunosuke Akutagawa: daga na 1922 suka ɗauko kisan da aka yi a kurmi da shaidun da suka saɓa, daga na 1915 kuma suka ɗauko suna da wurin zama, watau rusasshiyar ƙofar kudu ta birnin Kiyoto a zamanin Heian. A 1951 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin sinima na birnin Venis a Italiya, kuma ta wannan hanya ce yawancin mutanen Turai da Amurka suka fara sanin sinimar Japan.

Ga yadda labarin yake. Mutum uku sun fake wa ruwan sama a ƙarƙashin ƙofar: mai saran itace, da wani malamin addinin Buda, da wani talaka mai yawo. Biyun farko sun fito daga wurin shari'a, suna ba na ukun labarin abin da suka ji. An tsinci gawar wani barde a kurmi, an kuma kama wani sanannen ɗan fashi, Tajomaru. Abin da kowa ya yarda da shi kaɗan ne: ɗan fashin ya yaudari barden ya ɗaure shi, ya yi wa matarsa fyaɗe a gabansa, sa'an nan barden ya mutu. Daga nan hanya ta rabu. Tajomaru ya ce matar ce ta nemi su gwabza, wanda ya rayu ta bi shi. Ya kwance barden, suka haɗa takobi sau 23, ya kashe shi kisan maza. Matar ta ce ɗan fashin ya tafi abinsa, ita kuwa ta kasa jure kallon ƙyamar da mijinta ke mata, ta nufe shi da wuƙa a hannu, ta suma, da ta farfaɗo ta ga wuƙar a ƙirjinsa. Mamacin, wanda aka ji ta bakinsa ta hanyar wata mace mai kiran ruhi, ya ce matarsa ta yarda ta bi ɗan fashin har ta nemi a kashe shi, baƙin cikin haka ya sa ya soke kansa da wuƙar. Daga baya, a ƙofa, mai itace ya amsa cewa ya ga kome da idonsa, ya ba da labari na huɗu: maza biyu matsorata da mace ta tunzura da gori, suka yi faɗa suna makyarkyata, suna faɗuwa suna rarrafe, har ɗaya ya soke ɗaya da takobi yana roƙon a bar shi da rai. Wannan labari na huɗu babu shi a rubutun Akutagawa, ƙarin masu fim ne.

Kafin mu shiga hoto, bari mu tsaya a kan harshe. Mai karatu ya dubi waɗannan jimloli:

(1) Tajomaru ne ya kashe barden.
(2) Wai Tajomaru ne ya kashe barden.
(3) Tajomaru ya ce wai shi ya kashe barden.
(4) Ashe Tajomaru ne ya kashe barden.

A jimla ta (1) mai magana ya ɗauki nauyin zancen. In ya zama ƙarya, shi ya yi ta. A ta (2) ya sauke nauyin, bai kuma faɗi a kan wa ya ɗora shi ba. A ta (3) ya ambaci mai zancen, amma ya ƙara "wai" bayan "ya ce", ko da yake jimlar za ta tsaya ba tare da ita ba. Wannan ƙari shi ke nuna yana ja da baya, kamar mai miƙa kwano da ɗan yatsa biyu. A ta (4) ya koma ya ɗauki nauyin, tare da nuna cewa da can ba haka ya zata ba. Abin da ya faru a kurmi ɗaya ne a duk jimlolin. Abin da ke sauyawa shi ne matsayin mai magana game da madogararsa.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan ba. Roman Jakobson ya ja hankalin masana a kan al'amarin a 1957, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna akwai harsunan da a cikinsu alamar madogara tilas ce, ba ganin dama ba. A Turkanci ɗafa-ƙeyar aikatau ta shuɗaɗɗen lokaci iri biyu ce, ɗaya ta abin da mutum ya shaida, ɗaya ta abin da ya ji ko ya hakkake daga alamu. Ƴan jaridar Faransa kan juya aikatau zuwa sigar sharaɗi idan labari bai tabbata ba. Japananci, harshen fim ɗin, shi ma yana da nasa kalmomin ƙarshen jimla masu wannan aiki. A Hausa ba tilas ba ce a nahawu, amma kusan tilas ce a zaman jama'a: wanda ya kawo labarin mutuwa ko na sakin aure ba tare da "wai" ba, alhali bai gani ba, in ya zama ba haka ba ne, shi za a kira maƙaryaci. Ko tatsuniya, wadda kowa ya san ƙirƙira ce, tana da ƙofar shiga da ta fita. Mai yin ta kan buɗe da "ga ta nan" ya rufe da ɗora ƙaryar a kan gizo.

To, hoto fa? Christian Metz, a rubuce-rubucensa na shekarun 1960, ya lura cewa ɗauka guda ta kyamara ba ta yi daidai da kalma ba, ta fi kama da cikakkiyar jimla. Hoton doki a allo ba kalmar "doki" ba ce irin ta ƙamus, cewa yake yi "ga doki nan". Mu da ke aiki da Hausa muna iya ƙara wani abu a kan wannan. Kalmar "ga" ba ta ɗaukar lamirin lokaci, ba a kuma kore ta kai tsaye. Ba a cewa "ba ga doki ba" da nufin babu doki. Haka hoto yake: ba ya nuna jiya, ba ya nuna a'a, ba ya nuna "da a ce". Sai dai a harshe muna iya cewa "wai ga doki nan", mu sa alamar shakka a gaban nuni. A allo babu gurbin da za a sa ta. Ana iya sa ta kafin hoton ya zo, ta bakin wani, ko bayan ya wuce. Amma muddin hoton na gudana, tabbatarwa kawai yake yi. Akwai kuma abu na biyu. Mai ba da shaida da "na" yake magana: na gani, na bi, na sara. Da zarar an yanka zuwa kurmi, sai mu ga mai shaidar daga waje, mu ga fuskarsa da bayansa, abin da shi kansa bai taɓa gani ba. Watau hoto ya mai da "na" ta koma "ya", ya mai da da'awa ta koma tarihi. Wanda ya karanta bambancin da Émile Benveniste ya yi tsakanin zance da tarihi, inda a tarihi al'amura ke zuwa kamar babu mai faɗinsu, zai gane abin nan take. A Hausa jerin "suka" (ko "sunka" a bakin mutanen Tawa da Gobir) shi ke yin kusan wannan aiki: suka tashi, suka tafi, suka tarar. Idan jerin ya yi tsawo, mai sauraro kan manta da "wai" ɗin da aka sa a farkonsa.

Wurin da abin ya fi fitowa fili shi ne shaidar mamaci. In za a mai da ita magana, yadda talakan nan ya karɓe ta a ƙofa, ga abin da za a samu:

(5) Malamin ya ce mai kiran ruhi ta ce mamacin ya ce matarsa ta ce a kashe shi.

"Ce" huɗu a jere, ɗaya daga ciki ma ta ratsa kabari. Babu alƙalin da zai rataye wani a kan irin wannan jimla. Amma a allo muna ganin matar tsaye a kurmi, a hasken rana, manne da ɗan fashin, tana nuna mijinta. Duk matakan nan huɗu sun zube. Abin da ya zo ta baki huɗu da abin da ya zo ta baki ɗaya, nauyinsu ɗaya ne a ido. Kyamarar Kazuo Miyagawa ta ɗauke su da tsabta iri ɗaya, a kurmi ɗaya, da ƴan wasa ɗaya.

Kurosawa bai yi wa mai kallo kwanton ɓauna ba, ya yi masa gargaɗi tun da wuri da wani ƙaramin misali. Dogarin da ya kama Tajomaru ya ce a bakin kogi ya same shi yana murƙususu, dokin da ya sata ya kayar da shi. Tajomaru ya yi dariya, ya ce shi doki bai kayar da shi ba, ruwan wata ƙorama ya sha ya murɗe masa ciki. Muna ganin hoton da ke bin bayanin kowannensu. Maganar ba ta shafi kisan ba ko kaɗan, amma ta koya mana ƙa'idar wasan: duk wanda ya buɗe baki, allo zai gaskata shi. Ta kuma nuna mana irin abin da mutanen fim ɗin ke yi wa ƙarya. Mutumin da ya san kashe shi za a yi, bai damu da musun kisa ba, musun faɗuwa daga doki yake yi.

Gargaɗin kuwa ya zo a makare, domin an riga an ci mu. Tun kafin wannan, fim ɗin ya nuna mai itace yana shiga kurmi da gatari a kafaɗa. Wannan tafiya tana cikin wurare mafiya shahara a tarihin sinima: babu magana, sai kiɗa da sawu, kyamara na bin sa ta gaba, ta baya, ta ƙasa, tana ɗaga kai ta dubi rana ta tsakanin ganyaye, abin da masu ɗaukar hoto na lokacin ke gudu. Ya tsinci malafar mace, ya tsinci hular namiji, ya tsinci yankakkiyar igiya, sa'an nan ya yi karo da gawa, wadda hannuwanta kawai muke gani a sandare. Ya yar da gatari ya sheƙa. Babu mai kallon da ke shakkar wannan a karon farko. Mutumin talaka ne mai tawali'u, ba a tuhumarsa da kome, kuma kyawun hoton ya shagaltar da mu. Sai can wajen ƙarshe ya ce ai ba gawa ya tsinta ba, yana laɓe aka yi kome. Ashe tafiyar nan da muka bi shi taki-taki, aƙalla ƙarshenta, shaidar zur ce. A ganinmu nan ne gwanintar fim ɗin take, fiye da labaran nan uku da kowa ke ambata. Su ukun mun san da'awa ce tun da suka saɓa wa juna. Wannan kuwa ita kaɗai ce a lokacin da ta zo, babu abin da ke ƙaryata ta, sai muka ɗauke ta a matsayin jimla ta (1) alhali ta (3) ce.

Tun da ba a iya sa "wai" cikin hoton kurmi, fim ɗin ya gina ta a kewayensa. Wurare uku ne kacal a cikinsa, kowane da irin haskensa: ƙofa da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya (an ruwaito cewa sai da aka zuba baƙar tawada a ruwan don ya fito a hoto), farfajiyar shari'a da farar rana tsaye, kurmi da inuwa mai dabbare-dabbare. Da ganin hasken mai kallo ya san a wane hawa na zance yake. A farfajiya kuma, duk lokacin da wani ke ba da shaida, ana hangen mai itace da malamin zaune a baya, jikin bango, ƙanana, shiru. Su ne "in ji" na fim ɗin: suna tuna mana cewa ko farfajiyar ma ba mu muka halarce ta ba, ta bakinsu ta iso mu.

Akwai wani abu a farfajiyar da ya kamata ya tsaya wa masu aiki irin namu a rai. Ba a ganin alƙali, ba a jin muryarsa. Shaidu suna fuskantar kyamara, su saurara, su maimaita tambayar da ba mu ji ba, su amsa. An sha faɗin cewa wannan ya mai da mai kallo alƙali, kuma haka ne. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar tarihin baka a rikoda, ya dawo ya rubuta, ya share tambayoyinsa don matanin ya tafi sumul, zai ga aikinsa a nan. Tsohon da ya ba mu labarin kafuwar garinsu amsa yake ba wani baƙo mai takarda, yana auna abin da baƙon ke so da abin da zai je ya yi da shi. In muka cire tambaya, muka kuma cire "wai" da "haka muka ji" saboda muna ganin maimaici ne, muka buga sauran a littafin karatun manya, mun yi wa maganarsa abin da kyamara ta yi wa maganar Tajomaru. Bambancin kawai, Kurosawa ya bar gurbin tambayar a buɗe don a ga an cire ta. Ba banza ba ne masanin al'adu Karl Heider ya ari sunan fim ɗin a 1988 don ya yi magana a kan saɓanin masu bincike da suka zauna da al'umma ɗaya suka dawo da bayani biyu.

Sauran alamar da fim ɗin ke da ita kiɗa ne, kuma da shi aka ɗana tarko na biyu. Faɗan da Tajomaru ya bayyana yana tafe da kiɗa da tsalle da ƙarar takubba. Shaidar matar tana bisa wani kiɗa na Fumio Hayasaka mai maimaita kansa yana hauhawa, wanda masu kallo a Turai suka ji kamarsa da Bolero na Ravel ta yi yawa. Shaidar mamaci tana zuwa da muryar namiji daga bakin mace, ga iska na kaɗa tufafinta. Da aka zo labarin mai itace na biyu sai kiɗa ya ɗauke ɗif. Ba a jin kome sai haki da kukan ƙwari da karyewar ƙirare. A nazarin harshe mun saba da cewa sigar da ba ta da alama ita ake ɗauka ta asali. Mai kallo ma haka yake lissafi ba tare da ya sani ba: ukun farko an yi musu ado, wannan tsirara yake, saboda haka shi ne gaskiya. Ga shi kuma mai faɗinsa ganau ne, ba shi cikin rigimar. Sai talakan nan, wanda ba ya yarda da kowa, ya yi tambaya guda: ina wuƙar matar, mai adon lu'ulu'u, wadda Tajomaru ya ce ya manta da ita a wurin? Mai itace ya kasa amsawa. Da ma mamacin ya ce yana cikin fitar rai ya ji wani ya zo ya zare wuƙar daga ƙirjinsa. In haka ne, mai itace yana da dalilin dagewa cewa takobi ne ya yi kisan. Rashin kiɗa bai zama shaidar gaskiya ba. Salo ne shi ma, irin na mai ƙarya da murya ƙasa-ƙasa.

Yana da amfani a gwada wannan da wasu finafinai biyu. A shekarar nan ta 1950 Alfred Hitchcock ya fito da Stage Fright a Ingila. Fim ɗin ya buɗe da wani saurayi a mota yana ba budurwa labarin yadda aka ɗora masa kisan da bai yi ba, allo kuma yana nuna abin da yake faɗi. A ƙarshe aka gane shi ya yi kisan. Masu kallo da yawa sun ji an zambace su, kuma Hitchcock, a hirarsa da François Truffaut da aka buga a 1966, ya lissafa wannan cikin kurakuransa, ko da yake ya yi mamakin yadda ake yarda ɗan wasa ya yi ƙarya da baki amma ba a yarda a nuna ƙaryar a hoto. Amsar mamakin nasa ita ce abin da muke bayani: ƙaryar baki ta ɗan wasa ce, ƙaryar hoto kuwa mai kallo ga mai fim yake jingina ta, domin babu alamar da ta raba su. Hitchcock ya yi ƙarya guda ya ɓoye ta har ƙarshe. Kurosawa ya jera da yawa a fili har mai kallo ya koyi sa wa hoto "wai" da kansa. Shi kuwa Zhang Yimou na ƙasar Sin, a fim ɗinsa Hero na 2002, launi ya mai da alama: labarin ƙarya ja ne, zaton da sarki ya yi shuɗi, abin da ya faru fari. Abin ya yi kyau a ido ƙwarai, amma ya sauƙaƙa aikin. Ya ba hoto nahawun da ba shi da shi, mai kallo ya huta da shakka tun da an rina masa amsa.

Mutane da yawa sun ɗauki darasin Rashomon shi ne gaskiya ba guda ba ce, kowa da tasa. Ba mu ga haka a fim ɗin ba. Barden ya mutu sau ɗaya, da ƙarfe ɗaya, takobi ko wuƙa. Labaran ba su saɓa saboda kowa ya tsaya a kusurwa dabam ba. Mutum ba ya mance ko shi ya soke kansa ko wani ya soke shi. Sun saɓa ne saboda aƙalla uku cikin huɗu ƙarya ne, kuma abin ban mamaki, uku daga cikin masu faɗin kowa jawo kisan yake yi wuyansa, ɗan fashi don a ce jarumi ne, mata don a ce mai kunya ce da aka zalunta, barde don a ce bai mutu a hannun ɓarawo ba. Kurosawa da kansa, a littafin tarihin rayuwarsa, ya ce abin da ya bayyana wa mataimakansa da suka kasa gane labarin shi ne ɗan Adam ba ya iya magana a kan kansa ba tare da ya ƙara gishiri ba, ko bayan ya mutu.

Ƙarshen fim ɗin, inda aka tsinci jariri a ƙofa, mai itace ya ɗauke shi ya haɗa da ƴaƴansa shida, ruwa ya ɗauke, an daɗe ana sukar sa da cewa liƙi ne, kuma ba mu da abin kare shi da shi sai cewa shi kaɗai ne aikin da muka gani ba ta bakin kowa ba. Aibin da ya fi damunmu wani ne dabam. Kisan an nuna shi ta fuska huɗu, kowace na rushe ƴar'uwarta. Fyaɗen kuwa sau ɗaya tak aka nuna shi, a cikin labarin wanda ya aikata. A can muna ganin matar ta yi ta kai sara da wuƙa, sa'an nan wuƙar ta suɓuce daga hannunta ta kafe a ƙasa, hannun ya hau bayan ɗan fashin ya riƙe shi. Sauran labaran uku, har da nata, duk bayan an gama suke farawa. Saboda haka babu wani hoto a fim ɗin da ya ƙaryata wannan hannu. Dabarar da ke koya wa mai kallo shakka saɓani ce, a nan kuwa ba a kawo saɓanin ba. Na taɓa ba wani abokin aiki labarin fim ɗin da Hausa, ina sane da duk abin da na rubuta a sama, na sa "wai" a faɗan takobi, na sa ta a maganar mamaci. Da na zo nan sai na ji bakina ya ce "daga baya ta sakar masa jiki". Shi ya tsayar da ni ya ce, in ji wa?

Wannan ya kawo mu ga tambayar da za ta fuskanci duk wanda ya so ya sa wa fim ɗin rubutun Hausa a ƙasan hoto, ko ya tsaya gefen allo yana fassara wa jama'a da baki. A ƙofa da farfajiya aikin mai sauƙi ne, magana ce ake mai da ita magana. A kurmi kuwa mutanen suna zance kai tsaye, da "na" da "ka" da "ki", kuma mai fassara ba shi da hurumin cusa "wai" a bakinsu, don ba su faɗe ta ba. In ya sa ta a muryarsa, ya ce "wai nan ta ce masa", ya tona asirin da fim ɗin ke so mai kallo ya tono da kansa, musamman a tafiyar mai itace ta farko. In ya bar ta, ya shiga cikin jerin masu ruwaya, ya zama baki na biyar a jimla ta (5), wanda shi ma ba a gani. Mu dai da za a tambaye mu, da mun bar ta ko'ina, ban da wurin hannun nan.